Me Ake Nufi da Fassara a Busan Saksofon na Kilasik?

Masu sharhin kiɗan kilasik na Turai sukan ce wane ya busa komai daidai, amma fassararsa ba ta yi armashi ba. Wanda bai saba da wannan fage ba zai yi mamaki, tunda busa ba magana ba ce balle a juya ta zuwa wani harshe. Abin da suke nufi shi ne dukkan shawarwarin da mai busa yake yankewa a wuraren da takarda ta yi shiru.

A wannan nau'in kiɗa, mai tsarawa daban, mai busawa daban. Mai tsarawa ya zauna ya rubuta sautukan da alamomi a kan layuka biyar, ya nuna tsawon kowane sauti, ya ɗan ƙara umarni kamar "a hankali" ko "da ƙarfi". To amma ƙarfi kamar yaya? A ina za a ja numfashi? Wace gaɓa ce za a ɗan ja ta, wace ce za a wuce ta da hanzari? Duk wannan yana wuyan mai busa. Mu da muka san rubutacciyar waƙa ba za mu sha wahalar ganewa ba: baitin ɗaya ne, amma wani ya rera ka ji tsigar jikinka ta tashi, wani kuma ya rera ka ƙosa ya kai ƙarshe, alhali babu wanda ya sauya ko harafi.

Saksofon, abin busa na ƙarfe mai maɓallai, yana da nasa sha'anin a nan, saboda ƙuruciyarsa. Adolphe Sax, ɗan garin Dinant a Beljiyam, wanda ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a Faris a 1846, lokacin da manyan masu tsara kiɗa irin su Mozart da Beethoven sun riga sun kwanta dama. Sax da kansa ya koyar da shi a babbar makarantar kiɗa ta Faris daga 1857 zuwa 1870, sannan aka rufe ajin, ba a sake buɗe shi ba sai 1942. A tsakanin nan abin busan ya fi zama a hannun 'yan badujalar soja, daga baya masu jaz na Amurka suka mayar da shi nasu. Cikin masu tsara kiɗan kilasik, Bizet ya saka shi a kiɗansa a 1872, Ravel ma ya ba shi wuri a Boléro a 1928, amma jifa-jifa ne. Saboda haka sa'ad da mai goge na Turai ya gaji ƙarnoni na malamai masu gaya masa yadda ake yi, mai saksofon na kilasik ya tashi ne babu wanda ya ma tsayar masa da irin muryar da ta kamata ya fitar.

Mutum biyu ne suka fi kowa tsayar da wannan murya, kuma ba su dace a kan abu ɗaya ba. Marcel Mule, Bafaranshe, shi aka ba ajin na Faris a 1942. Sautinsa garau yake, mai haske da sauƙin tafiya, kuma shi ya shigar da bibrato cikin busan kilasik bayan ya san shi ta hanyar jaz. Bibrato ita ce 'yar karkarwar da ake sa wa sauti ta hanyar motsa muƙamuƙi kaɗan-kaɗan, kamar sau biyar a daƙiƙa guda. Mule ya ladabtar da ita, ya sa ta tafi da ƙa'ida. Ɗayan kuma Sigurd Raschèr ne, haifaffen Jamus wanda ya koma Amurka da zama. Shi ya dage a kan bakin busa mai faɗin ciki irin wanda Sax ya ƙera tun farko, mai ba da sauti mai kauri da taushi. Ya kuma shahara da altisimo, wato sautukan can sama da suka wuce iyakar da maɓallan saksofon suka saba kaiwa, waɗanda ba a samun su sai da sarrafa harshe da maƙogwaro. Ya rubuta littafin koyar da su a 1941.

Inda bambancin ya fito fili shi ne a wani kiɗa mai suna Concertino da camera da Jacques Ibert ya rubuta wa Raschèr a 1935. Akwai wurare a ciki da suke hawa can ƙololuwa. A bugun da ke hannun jama'a an rubuta a kansu cewa hawan ganin dama ne: wanda ya so ya hau, wanda bai so ba ya tsaya a ƙasa. Mule ya busa su a ƙasa, Raschèr ya hau. Har gobe almajiran gidajen biyu ba su gama wannan muhawara ba. Na Raschèr suna cewa ai abin da aka tsara tun farko ke nan, na Faris suna cewa kyan tafiyar kiɗan ya fi nuna bajinta. Ni dai a ganina, wanda zai hau ya fitar da sauti siriri mai tsiwa kamar ana matse shi, gara ya tsaya a ƙasa. Amma ɗaliban yau kusan duk sun iya hawan, har ya zama wanda bai hau ba ne ake tambayarsa dalili.

A nan ake yawan cakuɗa abu biyu, ingancin busa da fassara. Ingancin busa abu ne da kunne horarre zai iya aunawa. Saksofon bututu ne mai buɗewa daga sama zuwa ƙasa, wasu sautukansa kan ɗan zarce inda ya kamata, wasu su gaza, sai mai busa ya riƙa gyara su da leɓe da iska yana cikin tafiya. Sautukan ƙasa kuwa suna da taurin kai: fitar da su a hankali ba tare da sun fashe ba yana cikin abin da ake gane gwani da shi, ya fi gudun yatsu wuya nesa ba kusa ba. Ga kuma siririn ɓallin karan da ake ɗaurewa a bakin busa, wanda shi ke kaɗawa ya ba da sauti. Danshi da zafi suna sauya shi, wanda ya yi kyau jiya yana iya ƙin yi yau. Duk wanda ya shawo kan waɗannan ya samu inganci. Fassara tana farawa ne bayan nan.

A ɗauki konsheton da Alexander Glazunov ya rubuta a 1934, wato kiɗan mai busa ɗaya da ƙungiyar makaɗa ke mara wa baya, wanda Raschèr ya fara busawa a ƙasar Suwidin a shekarar. Glazunov dattijon Rasha ne da ya ƙare rayuwarsa a Faransa, kuma kiɗan nasa dogayen jimloli ne masu kama da waƙa, gudun tafiyar yana ta sauyawa. Bai kai wasu wuyar yatsu ba, shi ya sa ɗalibai suke rena shi, kuma shi ya sa yake tona asirinsu. Wanda ya ja numfashi a tsakiyar jimla ya yanke ma'anarta. Wanda ya zuba bibrato iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe ya mayar da komai launi ɗaya. Masu busan yanzu da yawa sukan fara dogon sauti a miƙe, sai can ya kusa ƙarewa su sako karkarwar, abin da ba haka yake ba a tsofaffin faya-fayen zamanin Mule.

Daga 1970, da Edison Denisov ya rubuta wa mai busa Jean-Marie Londeix sonatarsa, wato kiɗan saksofon da fiyano, fagen ya ƙara faɗi: aka shigo da fitar da sautuka biyu ko uku a busa ɗaya, da sautukan da ke tsakanin sautuka. A irin wannan kiɗa mai tsarawa yakan zauna da mai busa su gwada abin da zai yiwu, har ya zama wani ɓangare na fassarar an riga an shigar da shi takarda tun kafin a buga ta. A gasar saksofon ta duniya da ake yi a Dinant tun 1994, 'yan takara kan busa kiɗan da aka wajabta wa kowa, alƙalai su saurari abu guda daga baki daban-daban. Waɗanda suka kai zagayen ƙarshe da wuya a kama su da kuskuren yatsa, don haka a kan numfashi, da launin sauti, da inda aka ja da inda aka saki ake raba su.