Ƙera kan harsashi mai riga a gida

Ƙera kan harsashi mai riga a gida aikin sha'awa ne da ya kafu a Amurka tun shekarun 1940, kuma ana samun masu yin sa nan da can a wasu ƙasashen da dokarsu ta yarda. Abin da ake ƙerawa ba harsashi sukutum ba ne, ƙwayar da ke fita daga bakin bindiga ce kaɗai: ciki dalma, waje siririn ɓawon jan ƙarfe, wanda shi ne rigar. Kwanso da albarushi sha'aninsu daban, saye ake yi.

Dalilin riga

Shekaru aru-aru dalma tsirara ake harbawa. Tana da nauyi, ga araha, ga laushi, kuma da zafi ya kai digiri 327 a ma'aunin Salsiyas ta narke. Muddin baƙin albarushi ake amfani da shi, wannan laushi bai dami kowa ba. Da aka fara neman harsashi siriri mai gudu sai matsala ta fito fili: dalmar kan goge a jikin zanen da ke murɗe cikin bututun bindiga, ta bar datti, saiti ya lalace. Eduard Rubin, hafsan sojan Suwizalan da ke aiki a masana'antar harsasai ta garin Thun, shi ake danganta wa maganin abin a 1882, wato lulluɓe dalmar da ƙarfen da ya fi ta tauri. A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, a 1886 kuma Faransa ta fito da bindigar Lebel mai amfani da shi. Da yake wannan albarushi ya ƙara wa harsashi gudu, daga nan riga ta zama dole.

Da farko gaurayen jan ƙarfe da nikel aka fi amfani da shi, amma shi ma yana liƙewa a bututu. Aka koma wa gaurayen da ake yi har gobe: kashi 95 jan ƙarfe, kashi 5 tutiya.

Wani abu ya raba hanyar soja da ta mafarauci. A shekarun 1890, a masana'antar Ingilishi ta Dum Dum kusa da Kalkata, an ƙera harsashin da aka bar dalmar bakinsa a buɗe don ya baje idan ya shiga jiki. Taron Hague na 1899 ya haramta irinsa a yaƙi tsakanin ƙasashen da suka sa hannu. Shi kuwa mafarauci wannan bajewar yake nema, don dabba ta faɗi nan take, kada ta gudu da rauni ta je ta mutu a daji. Saboda haka kaurin riga da siffar baki suka zama fagen gwaje-gwaje na farar hula.

Haihuwarsa cikin rashi

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Amurka sun karkata ga soja kacokan, jan ƙarfe ya yi wuyar samu, maharba suka rasa ƙwayar da za su ɗura a kwanso. Sai wasu suka lura da ƙananan kwansunan tagulla na harsashin .22, waɗanda ba a iya sake ɗura su, ana zubar da su tuli a filayen harbi. Girmansu ya yi daidai da rigar ƙwaya mai faɗin inci 0.224. Fred Huntington na garin Oroville a jihar Kaliforniya ya ƙera kayan matsa irin waɗannan ƙwayoyi domin harbin wata dabbar duwatsu dangin kurege, kuma a 1943 ya kafa kamfanin RCBS, wanda haruffansa daga sunan wancan kayan aiki suka fito. A Lincoln ta jihar Nebraska, Vernon Speer da Joyce Hornady su ma da kwansunan .22 suka fara. Speer ya koma Lewiston a Idaho, Hornady ya kafa nasa kamfanin a Grand Island a 1949. John Nosler kuwa, bayan harsashinsa ya kasa kayar da wani ƙaton barewar dajin Kanada a 1946, ya ƙirƙiro ƙwaya mai bango a tsakiya, ya fara sayarwa a 1948. Galibin manyan sunayen wannan kasuwa a yau, ke nan, daga ɗan ɗakin aiki na bayan gida suka taso.

Yanayin aikin

Ya bambanta da zubi, inda ake narka dalma a zuba a mazubi. A nan matsi ne ke aiki, ba wuta ba: ana danna ƙarfe yana sanyi cikin ƙoƙon ƙarfe mai tauri har ya ɗauki siffar ƙoƙon, kamar yadda ake buga kwabo. Fa'idarsa ita ce babu kumfar iska a ciki, babu ƙanƙancewar da ke biyo bayan hucewa. Yawancin masu sha'awar ba sa yin rigar da kansu, domin tatso ɓawo mai kauri ɗaya ta kowane gefe shi ne mafi wahalar sashen, sai su saya daga masana'anta. Kayan matsin kuma ba su da araha. Kamfanin Corbin na White City a jihar Oregon na cikin 'yan kaɗan da suka daɗe suna ƙera su. Ana auna nauyi da wani tsohon ma'aunin Ingilishi da ake ce wa giren, wanda bai wuce giram 0.065 ba.

Wanda ya shiga harkar don tsimi, da wuya ya mayar da kuɗinsa. Abin da ya raya ta bayan yaƙi ya wuce, kanti ya cika da kaya, shi ne gasar harbi daga kan teburi. A wannan gasa ana ɗora bindiga a kan matashi, a harba biyar daga nisan yadi 100 ko 200, sannan a auna tazarar da ke tsakanin hudojin. Gwanaye sukan haɗe su kusan rami guda. A irin wannan mataki, rigar da gefe ɗaya ya ɗara ɗaya kauri da abin da ido ba ya gani ta isa ta karkatar da ƙwaya, tunda tana juyawa sau dubbai a daƙiƙa. Injin masana'anta yawa yake nema, mai hannu kuwa daidaito. Shi ya sa har yau 'yan wannan gasa da dama ƙwayar hannu suke harbawa, musamman mai milimita 6. Walt Berger ya fara ne da ƙera wa kansa a shekarun 1950 kafin sunansa ya zama tambarin kamfani.

Doka da lafiya

A matakin tarayyar Amurka, mai yi don amfanin kansa ba ya bukatar lasisi, amma mai yi don sayarwa dole ya samu, bisa dokar kula da bindigogi ta 1968. Jihohi na da nasu ƙarin sharuɗɗan. Kaliforniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya daga Yulin 2019, musamman saboda wata irin babbar ungulu da ake ce wa condor, wadda ke mutuwa bayan cin mushe mai ɓurɓushinta, abin da ya tura mafarautan jihar ga ƙwayar jan ƙarfe zalla, wadda ta fi ƙarfin kayan matsin gida na yau da kullum. Ita dalmar, ko ba a narka ta ba, ƙurarta guba ce, kuma yara ta fi yi wa illa. Mutanen Zamfara sun ga haka a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara.

A Nijeriya babu gurbin wannan sha'awa. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana ƙera makami ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba, kuma ƙera harsasan soja aikin hukumar masana'antun tsaro ta ƙasa ne, wato DICON, da aka kafa a Kaduna a 1964.