Tukunyar shuka mai shayar da kanta: tambayoyi kan buga ta da firintar 3D a gida

Duk wanda ya taɓa ajiye na'a-na'a a bakin taga ya yi tafiyar kwana uku a watan Afrilu, ya san abin da zai tarar idan ya dawo: ganye ya kwanta, ƙasa ta bushe ƙamas. Wannan ce ta sa wasu masu firintar 3D a gida, wato na'urar da ke ƙera abu da roba daga zanen kwamfuta, suke gwaji da tukunyar da ke ajiye wa shuka ruwa a ƙarƙashinta. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wai ta yaya tukunya za ta shayar da kanta?

Ka tuna fitilar ƙwai. Kananzir yana ƙasa, wuta tana sama, lagwani ne ke jawo man a hankali gwargwadon yadda wutar ke ci. Haka tukunyar take. Kashi biyu ce: ta ciki mai ɗauke da ƙasa da shuka, da ta waje mai riƙe ruwa. A tsakaninsu akwai lagwani, ko wata 'yar ƙafa mai huji-huji da aka cusa wa ƙasa, wadda ke nutse cikin ruwan. Idan saiwa ta tsotse danshi, ƙasar ta fara bushewa, sai ruwa ya hau ta ƙananan ƙofofin zaren. Idan ƙasar ta jiƙe, hawan ya ragu. Babu batir, babu famfo. Kai dai za ka riƙa cika mazubin duk bayan 'yan kwanaki.

To ai da gorar ruwa ma ana yin wannan. Me firinta ta ƙara?

Gaskiya ne. Ka yanka gora gida biyu, ka kifa bakin cikin gindin, ka zura tsumma, aiki ya kammala. Ni dai ba zan ba kowa shawarar ya sayi firinta don wannan kaɗai ba. Amma idan kana da ita, za ta ba ka abin da gora ba ta bayarwa, wato awo daidai. Za ka yi tukunyar da ta zauna cif a bakin tagarka, ka sa mata bututun zuba ruwa ta gefe, ka huda ƙofar fitar rarar ruwa a inda ya kamata, sannan jikinta ba ya barin haske ya shiga balle gansakuka ta kama ruwan, abin da ke saurin faruwa a gora mai garai-garai.

Wace irin firinta ake bukata, kuma ina ake samun zanen?

Irin da ke narkar da zaren roba tana shimfiɗa shi layi bisa layi. Su ne suka bazu a gidaje tun bayan aikin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005. Ender 3 ta kamfanin Creality, wadda ta fito a 2018, tana buga abu mai faɗin santimita 22 da tsayin santimita 25, kuma hakan ya ishi tukunyar kayan miya. Zane kuwa akwai shi kyauta birjik a shafukan intanet na Thingiverse da Printables. Mai son zana nasa ya fara da manhajar zane ta Tinkercad. Daga nan sai manhaja irin Cura ko PrusaSlicer ta yanka zanen zuwa layukan da firinta ke bi.

Lissafin mazubi ba shi da wuya: santimita 10 sau 10 sau 5 rabin lita ke nan.

Wane zaren roba zan sa, PLA ko PETG?

A nan ne masu fara koyo suka fi yin asara. PLA ce mafi sauƙin bugawa, ana buga ta a zafin wajajen digiri 200, kuma ba ta da rigima. Matsalarta ita ce tana fara laushi tun daga wajajen digiri 55 zuwa 60. A ɗakin da ke Turai wannan ba abin damuwa ba ne. A Sakkwato ko Yamai kuwa, inda iskar bazara kanta ke haura digiri 40, baƙar tukunya a kan siminti da tsakar rana za ta iya kai wa wancan zafin. Ba narkewa za ta yi ta malale ba. Za ka ga dai bakin ya karkace, gindin ya lotsa saboda nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ciki ta ƙi fita daga ta waje.

PETG tana jure wa har wajajen digiri 80, kuma layukanta sun fi mannewa da juna, abin da mai riƙe ruwa ke bukata. Sai dai tana son zafin bugu na 230 zuwa 250, tana kuma barin siraran zaruruwa kamar yanar gizo-gizo, musamman idan ta sha danshin damina. Idan tukunyar cikin ɗaki za ta zauna, PLA ta wadatar. Idan baranda ce ko tsakar gida, PETG, kuma fara ko mai haske-haske amma wadda ba a ganin cikinta.

Na buga, ta yi kyau, amma tana yoyo. Me ya faru?

Abin da aka buga ba kamar bokitin kasuwa ba ne da aka ƙera a dunƙule guda. Ɗaruruwan layuka ne a kan juna, kuma duk inda biyu ba su manne sosai ba, ruwa zai gano wurin. Wani lokaci ba ɗiga za ka gani ba, zufa kawai jikin zai riƙa yi kamar randa, sai da safe ka tarar da zobe a kan tebur.

Saitin da manhaja ke zuwa da shi yakan sa bango biyu. Ka mayar da shi huɗu, ka ƙara layukan gindi zuwa biyar ko shida. Ka ɗan ƙara zafi da digiri 5 zuwa 10, ka rage gudu, ka ƙara yawan robar da ke fita da ɗan kaɗan don ta toshe tsakankanin layi. Wurare biyu ne suka fi yoyo: kusurwar da bango ya haɗu da gindi, da ɗinkin da firinta ke fara kowane layi. Idan kai ka yi zanen, ka lanƙwasa kusurwar kada ta zama mai kaifi.

Kafin ka zuba ƙasa, cika ta da ruwa ka ɗora a kan jarida ta kwana. Idan takardar ta tashi a bushe, shi ke nan. Idan ta jiƙe, ka shafe cikin da ifoksi, wato gam mai ƙarfi da ke hana ruwa ratsawa, ka bar shi ya bushe sarai.

Da me ake yin lagwanin?

Igiyar auduga tana jan ruwa sosai amma tana ruɓewa bayan 'yan watanni. Ta nailan ko foliyesta ta fi daɗewa. Gwajin mai sauƙi ne: tsoma kai ɗaya a kofin ruwa, ka ga ko danshi ya hau cikin 'yan mintoci. Kuma ka jiƙa ta kafin ka binne, busasshen lagwani yakan yi nawar kamawa.

Ba gidan sauro nake ginawa ba kuwa?

Idan ka bar ruwan a buɗe, shi ne. Sauro yana iya tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana bakwai zuwa goma a lokacin zafi. Don haka ta ciki ta zauna a kan ta waje ba tare da tazara ba, bututun zuba ruwa ya samu murfi, ƙofar rarar ruwa kuma a manna mata guntun gidan sauro. Murfin kansa bugun 'yan mintoci ne.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugu fa?

Tukunya mai kaurin bango tana cin awoyi da yawa, wani lokaci wuni guda. Firintoci da dama suna ci gaba daga inda suka tsaya, amma layin da aka tsaya a kansa ya riga ya huce, kuma sau da yawa nan ne yoyon ke ɓullowa. Mazubin ruwan dai ka buga shi a kan inbata ko sola. Ta ciki ba ruwanta, tunda dama huji ne a jikinta.

Me zan shuka a ciki?

Abin da ke son danshi kullum: na'a-na'a, ɗoɗɗoya, latas. Kada ka sa alobera ko dangin kyarana, saiwarsu ruɓewa za ta yi. Ƙasar ma kada ta zama laka mai danƙo, ka gauraya ruɓaɓɓen taki da ɓuntun shinkafa da ɗan yashi don iska ta ratsa. Ka bar tazarar kamar santimita ɗaya tsakanin saman ruwa da gindin ta ciki, a nan ne ƙofar rarar ruwa za ta kasance. Makonni biyun farko ka riƙa ba da ruwa ta sama har saiwa ta sauka. Bayan haka, idan ka ga farin gishiri-gishiri ya taru a saman ƙasar, ka kwarara ruwa ta sama ya wanke shi, ka zubar da wanda ya taru a ƙasa, ka cika da sabo.