L'Histoire de Souleymane (fim ɗin 2024)

L'Histoire de Souleymane, wato Labarin Sulaimanu, fim ne na ƙasar Faransa da ya fito a 2024. Boris Lojkine ne darakta, shi da Delphine Agut suka rubuta labarin. Tsawonsa minti 93, yawancin maganar da Faransanci ake yi, amma da zarar Souleymane ya haɗu da 'yan ƙasarsu sai harshe ya juya zuwa Fulatanci ko Malinke.

Souleymane matashi ne ɗan ƙasar Gini, kullum yana kan keke a titunan Paris yana kai wa mutane abincin da suka yi oda ta waya. Da yake ba shi da izinin aiki, akawun ɗin da yake aiki da shi a manhajar ma ba nashi ba ne, haya yake a hannun wani Emmanuel, duk sati sai an yanke mai kaso, kuma in manhajar ta ce a ɗau hoton fuska don a tabbatar mai akawun ne ke aiki, dole ya bar komai ya ruga ya nemo Emmanuel ya miƙa mai wayar. Wurin kwana ma haka. Da asuba zai buga lamba 115, layin neman masaukin gaggawa na marasa wurin kwana, ya kama gado, da dare kuma ya yi ta sauri kar motar da ke kwasar su zuwa masauki ta tashi ta bar shi, in ta tafi to sai dai kwanan waje.

Kwana biyu suka rage ya je intabiyu a OFPRA, hukumar da ke duba masu neman mafaka a Faransa. Wani ɗan ƙasarsu mai suna Barry ya sayar mai da labarin ƙarya, wai Souleymane ɗan UFDG ne, jam'iyyar adawa ta Gini, da aka kama aka ɗaure, shi ne yake ta haddar sunaye da ranaku a kan keke kamar mai tilawa, yana yi yana kakarewa. Ga kuma Kadiatou, budurwarsa da ke gida, wani injiniya ya fito neman aurenta.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi kam shi ne ƙarshensa, ɗaki ɗaya, mutum biyu. Ma'aikaciyar OFPRA da ke yi mai intabiyun, wadda Nina Meurisse ta fito a matsayinta, ta saurare shi sannan ta ce mai wannan labarin ta sha jin sa kusan kalma da kalma, ya faɗi nashi na gaskiya. Nan ne ya kawo zancen mahaifiyarsa mai taɓin hankali da yadda mutane suka guje ta, da wahalar hanya ta Libiya. Ba a nuna hukuncin da aka yanke mai ba. Babu kiɗa a fim ɗin sam, sai ƙarar motoci da numfashinsa, kuma gaskiya hakan ya fi.

Abou Sangaré da ya fito a Souleymane bai taɓa yin fim ba kafin wannan, bakanike ne a garin Amiens, ya shiga Faransa a 2017, kuma lokacin da ake ɗaukar fim ɗin shi kansa ba shi da takardar zama. A bikin fina-finai na Cannes na 2024, sashen Un Certain Regard, fim ɗin ya ci kyautar alƙalai, Sangaré ya ci ta gwarzon jarumi. An fara haska fim ɗin a sinimomin Faransa ranar 9 ga Oktoba 2024, a 2025 kuma ya kwashi kyautar César huɗu, wato babbar kyautar fina-finai ta Faransa. Sangaré dai sai a Janairun 2025 ya samu takardar zama ta shekara ɗaya, bayan an sha ƙin ba shi.

Dama Lojkine ya taɓa irin wannan a fim ɗinsa Hope na 2014, kan wata 'yar Najeriya da wani ɗan Kamaru da suka haɗu a Sahara kan hanyarsu ta zuwa Turai.