Kaktus mai siffar ganga

Kaktus mai siffar ganga tsiro ne na hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meksiko, musamman jihohin Arizona da Sonora. Nau'in da aka fi sani shi ne Ferocactus wislizeni, wanda aka sa wa sunan wani likita Bajamushe, Wislizenus, da ya ratsa yankin a shekarar 1846. Ba shi da ganye ko reshe. Jikinsa dunƙulalle ne, kore, ƙaya ta lulluɓe shi, wasu ƙayoyin a lanƙwashe har akan kama kifi da su. Idan ya tsufa yakan karkata wajen kudu.

'Ya'yansa ne aka fi ci. Bayan fure ya kaɗe sai su fito rawaya a kan tsiron, kamar 'yan ƙananan abarba, kuma ba ƙaya a jikinsu, da hannu ake tsinkarsu. Suna da tsami, cikinsu cike da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe. Al'ummomin Tohono O'odham da Seri, 'yan asalin yankin, sun daɗe suna cin su. Ƙwayoyin kuwa akan soya su ko a niƙa su gari.

A jihohin San Luis Potosí da Coahuila na Meksiko, tohon furen wani ɗan'uwansa, Ferocactus pilosus, ake ɗiba tun bai buɗe ba. Ana kiransa cabuches. Akan dafa shi a soya da ƙwai, ko a jiƙa shi a ruwan tsami a ajiye.

Labarin da ake yaɗawa cewa cikin kaktus mai siffar ganga ruwa ne tsagwaro yana da haɗari. Tsoka ce mai damshi, kuma ruwan da aka matse daga cikinta na iya sa gudawa da amai, waɗanda ke ƙara wa mai ƙishirwa wahala. Kada kuma a ɗauka shi ne tinya ta ƙasar Hausa: danginsu daban ne, kuma farin ruwan tinya guba ne.

Alewar acitrón, wadda ake sa wa a burodin bikin 6 ga Janairu a Meksiko, tana cikin abubuwan da ke yi wa waɗannan tsirrai ɓarna. Daga tsokar wani nau'in kaktus mai siffar ganga, Echinocactus platyacanthus, ake yin ta, ana dafawa da sukari, kuma sai an sare tsiron gaba ɗaya, alhali yana ɗaukar shekaru gommai kafin ya girma. Abin takaici ne ƙwarai. Dokar Meksiko ta sa shi cikin tsirran da ake karewa, kuma cire shi daga daji ba da izini ba laifi ne.