Allunan Ganuwar Persepolis

Allunan Ganuwar Persepolis tarin rubuce-rubucen mulki ne a kan yumɓu, daga zamanin Sarki Dariyus na Ɗaya na Farisa. An tono su a 1933 a kangon Persepolis, tsohon birnin fadar sarakunan Farisa, wanda Iraniyawa ke kira Takht-e Jamshid, a lardin Fars, arewa maso gabashin Shiraz. Ernst Herzfeld ne ya jagoranci tonon a madadin Cibiyar Nazarin Gabas ta Jami'ar Chicago. A cikin ganuwar fadar aka same su jibge, dubun-dubatar alluna da gutsattsari, daga nan suka samo suna. Sun fara daga shekara ta 13 zuwa ta 28 ta sarautar Dariyus, wato 509 zuwa 493 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Yawancinsu da harshen Elam, wata tsohuwar ƙasa a kudu maso yammacin Iran, aka rubuta su, da rubutun nan mai kama da ƙusoshi. Akwai ɗaruruwa da Aramiyanci, akwai kuma dubbai da babu rubutu ko kaɗan sai tambarin hatimi. Babu labarin yaƙi a cikinsu, babu kirarin sarki. Lissafi ne zalla na sha'ir da gari da ruwan inabi da giya da tumaki: me ya shiga rumbu, me ya fita, wa ya karɓa, da iznin wa.

A nan darajarsu take. Kafin a karanta su, galibin abin da aka sani game da daular daga bakin Girkawa ya fito, su kuwa abokan gaba ne, sun fi kula da makircin fada da almubazzarancin sarakuna. Allunan sun bai wa masana damar ganin daular daga ciki, ta hannun magatakardanta.

A 1936 aka kai su Chicago a matsayin aro. Richard Hallock ya shafe shekaru da dama yana fama da su, domin a lokacin ba a san harshen Elam sosai ba, har ya buga alluna 2,087 da fassararsu a 1969. Tun a 1948 George Cameron ya riga ya buga wani ƙaramin tari na daban, Allunan Baitulmali, waɗanda suka biyo baya a zamani, kuma a cikinsu ake ganin an soma biyan ma'aikata wani kaso na haƙƙinsu da azurfa maimakon abinci.

Shugaban tsarin rabon abincin da Allunan Ganuwar ke nunawa shi ne Parnakka, wanda masana da yawa ke ganin baffan Dariyus ne. Rabonsa na kullum tumaki 2 ne, da kimanin lita 90 na ruwan inabi da lita 180 na gari. Mutum ɗaya ba zai cinye wannan ba, na ciyar da gidansa ne da ma'aikatansa. Can ƙasa akwai kurtash, ayarin ma'aikata maza da mata da yara, da yawansu baƙi daga Masar, Babila, Lidiya da ƙasar Girka. Cikinsu akwai magina da masassaƙan dutse da maƙeran zinariya. Namiji yakan sami kimanin lita 30 na sha'ir a wata, amma wasu mata shugabannin ayari sukan sami 50, fiye da mazan da ke ƙarƙashinsu. Mai jego tana da ƙarin rabo, sai dai wadda ta haifi namiji ana ba ta ninkin na wadda ta haifi mace. Har yau ana muhawara kan matsayin kurtash. Abin da ya fi ƙarfi shi ne ba bayi ba ne da ake kai su kasuwa, amma kuma ba su da ikon barin aiki, kuma rabon nasu da ƙyar yake kai mutum ƙarshen wata.

Matan gidan sarauta ma sun bayyana da gandayensu da hatiminsu. Irtashduna, matar Dariyus, tana aika umarni a fitar da ruwan inabi daga gidajenta, Irdabama kuwa tana da ɗaruruwan ma'aikata.

Allunan guzuri sun nuna yadda hanyoyin sarki ke aiki. Matafiyi yakan riƙe takarda mai hatimin sarki ko na gwamna, wadda ake kira halmi, ya nuna ta a kowane zango a ba shi abincin yini. Ta haka ake ganin sunayen masu tahowa daga Susa da Sardis da Kandahar da Indiya.

Fannin ibada shi ne ya fi girgiza tsohon zato. An daɗe ana ɗauka cewa Ahuramazda, babban abin bautar Farisawa, kaɗai fadar ta sani, tunda shi Dariyus ke ambato a rubutunsa na kan duwatsu. Sai ga rumbunan sarki suna fitar da hatsi da dabbobi domin wasu ababen bauta, irin su Humban na Elamawa da Adad, kuma rabon Humban ya fi na Ahuramazda. Akwai hadayar lan da ake yi a kai a kai, akwai babban bikin ship, inda ake yanka dabbobi a ciyar da jama'a. Binciken Wouter Henkelman na 2008 ya nuna yadda al'adun Elam da na Farisa suka cakuɗe a wannan yanki.

Allunan sun kusa salwanta a kotun Amurka, lokacin da waɗanda harin bam na 1997 a Ƙudus ya shafa suka nemi a sayar da su a biya su diyyar da aka yanke wa Iran. Wannan barazana ta sa Matthew Stolper na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka gaggauta ɗaukar hotunansu a kwamfuta. A 2018 Kotun Ƙoli ta hana a ƙwace su, a 2019 aka mayar wa Iran alluna 1,783, sannan wasu 3,506 a 2023.