Daga Kalankuwa Zuwa Baje Kolin Yamai: Yadda Bikin Abinci Ya Bar Ƙauye

Taruwa don ci da sha ba baƙon abu ba ne a ƙasar Damagaram. Tun kafin sojojin Faransa su kama Zinder a 1899, shekarar manomi tana da ranakunta na biki, kuma gona ce ke tsayar da su, ba takardar ofis ba. Idan aka yanke gero aka kai damma rumbu, samari da 'yan mata su shirya kalankuwa, a kwana ana kiɗa, fura da tuwon sabon hatsi suna yawo gida-gida. Watan Muharram kuma ga cika-ciki, daren da uwar gida ke fito da wutsiyar ragon layya da ta adana tun babbar salla, ta yi miya da ita, kowa ya ci har ya ture.

Akwai kuma saukar ayari. Buzaye kan taso daga Bilma da Fashi da raƙuma ɗauke da kantun gishiri da dabino, su gangaro Damargu da Damagaram su yi musaya da gero. Ranar da suka sauka a zango, gari ya ɗauki harama: masu tuwo da masu fura da mahauta duk sun san kasuwarsu ta buɗe. Unguwar Zango ta Zinder ta girma ne a kan irin wannan saukar baƙi.

Sarauta da gwamnati sun shigo cikin lamarin daga baya. Misali mafi shahara yana tsallaken iyaka, a Argungu ta jihar Kebbi. Su na gayya, wato kamun kifi na taron jama'a, tsohon abu ne a wurin Kabawa, amma a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, aka mayar da shi babban biki don nuna an binne gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato. Dubban masunta ke rugawa cikin kogin Matan Fada da gora da koma, a ga wanda zai fito da kifi mafi girma. UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon duniya a 2016, ya kuma dawo a 2020 bayan kusan shekara 10 ba a yi ba. Abin lura shi ne ba a taɓa ɗauke shi daga bakin kogin an kai Abuja ba.

A nan gida Nijar, wanda ya fi kama da shi shi ne taron makiyaya na Ingal a jihar Agadez, wato Kur Sale. Ƙarshen damina, wajen watan Satumba, Fulani da Buzaye ke kora dabbobi zuwa filayen da ƙasarsu da ruwansu ke da gishiri. Gwamnati ta shigar da allurar rigakafin dabbobi da jawabai da rumfuna, amma abin da ke riƙe baƙo yana can bayan rumfar manya. Za ka ga mace ta shimfiɗa cuku a kan tabarmar kara yana shan iska, fari fes, da zanen karan a jikinsa. Gefe guda an binne ƙullin alkama cikin yashi mai zafi da toka, a tono shi a kakkaɓe, a gutsuttsura cikin miya. Shayi kuwa zagaye uku ne, kuma ba a gaggawa.

Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun sauya lissafi. Rumbuna sun bushe, dabbobi sun mutu, kalankuwa ta yi sanyi a garuruwa da dama, sannan wa'azin malamai da tafiyar samari ci-rani suka ƙara rage ta. Amma daga wannan wahalar ne gwamnatin Seyni Kountché ta matsa wa noman rani, ƙoramun kudancin Zinder suka cika da lambuna. Raken Dungu da Matamai, dabino da kayan lambun Gidimuni, albasa da tumatir na fadamun Mirya, duk sun ƙara suna tun daga lokacin.

Sai dai da aka tashi shirya wa wannan arziki biki na zamani, Yamai aka nufa. Baje kolin noma da kiwo na Sahel Niger ya fara a can a 2014, bikin gero na FESTIMIL ya biyo baya a 2019. Ƙungiyar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka, ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar asali, abin da ya ba su kariya a kasuwa. Duk wannan ci gaba ne, ban raina shi ba. Amma daga Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Mai dama fura a Kance ko mai shanya kilishi a Gidigir ba shi da kuɗin mota da na rumfa da na kwana, don haka ɗan kasuwa ko wakilin ƙungiya ne ke tsayawa a madadinsa, shi ke amsa tambaya, shi ake ɗauka a hoto. Ko bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba da ya riƙa zagaya jihohi, wanda Zinder ta karɓa a 2006 da kuma 2018 da sunan Zinder Sabuwa, a hedikwatar jiha ya riƙa tsayawa.

Wannan yana damuna, domin abin da ake nema yana nan kusa. Ka je Mirya ranar Lahadi, ƙasa da kilomita 20 daga birni. Tukwanen ƙasa jere a rana, tulin rake a lokacin sanyi, mata da ƙwaryar nono suna kiran "Alhaji, a dama maka?", mai tsire yana juya nama yana barbaɗa ƙuli. Taron ya riga ya haɗu da kansa, kowane mako. Abin da ya rage shi ne magajin gari da fadar sarki da ƙungiyoyin manoma su tsayar da rana guda a shekara, a lokacin da amfanin ya nuna: rake a tsakiyar sanyi, sabon gero bayan girbi. A gyara wurin ajiye motoci, a samar da ruwan sha da masauki mai sauƙi, a sanar a gidajen rediyon karkara da wuri yadda mutanen Daura da Kano za su iya shirya tahowa ta Matamai.