Hutun 30 ga Satumba a Kanada: waye ya shafa, waye bai shafa ba

Duk shekara idan Satumba ta kusa ƙarewa sai saƙonni su fara yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwanmu mazauna Kanada, wai ranar 30 ga wata hutu ce ta tilas ga kowa, kuma duk maigidan da ya sa ka aiki ya karya doka. Wasu har cewa suke wanda bai sa riga ruwan lemo ba zai fuskanci tara. Duka biyun ba haka suke ba.

Dokar da ta kafa wannan hutu na Ranar Gaskiya da Sulhu ta Ƙasa, wadda aka sani da C-5, ta samu amincewa a watan Yunin 2021, kwanaki kaɗan bayan labarin alamun kaburbura a harabar tsohuwar makarantar kwana ta yaran 'yan asalin ƙasar da ke garin Kamloops. Ta amsa kira na 80 cikin kira 94 da Hukumar Gaskiya da Sulhu, wadda ta binciki irin waɗannan makarantu ƙarƙashin Murray Sinclair, ta gabatar a 2015. Manufar ita ce jama'a su tuna yara kimanin 150,000 na 'yan asalin ƙasar da aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da gwamnati ke ɗaukar nauyi coci-coci ke gudanarwa, inda aka hana su yarensu, dubbai kuma suka rasu a can. Rigar ruwan lemo al'ada ce da ta samo asali daga Phyllis Webstad, 'yar asalin ƙasar da aka ƙwace mata sabuwar rigarta ruwan lemo ranar da ta shiga irin wannan makaranta tana 'yar shekara shida. Babu sashen dokar da ya ambaci tufafi.

Ruɗanin yana wajen wanda dokar ta shafa. Ta tarayya ce, don haka ta tsaya kan ma'aikatan gwamnatin tarayya da na sassan da tarayya ke kula da su, irin su bankuna, gidan waya, jiragen sama da kamfanonin sadarwa. Mai aiki a shago, gidan abinci ko masana'anta yana ƙarƙashin dokar lardinsa. British Columbia, Manitoba, Prince Edward Island da yankunan arewa uku sun mayar da ranar hutu a hukumance. Ontario da Quebec ba su yi ba. Mai aiki a kanti a Toronto, da ke lardin Ontario, zai je aiki, albashinsa kuma na kullum.

Ga wanda dokar tarayya ta shafa, kuɗin hutu kashi ɗaya ne cikin 20 na abin da ya samu a makonni huɗu kafin makon hutun, ban da kuɗin ƙarin lokaci. Mai dala 25 a awa da ya samu 4,000 a makonnin huɗu zai karɓi 200. Idan an kira shi aiki awa takwas, za a biya shi awannin ninki ɗaya da rabi, wato 300, a haɗa da 200 ɗin. Manajoji ba sa samun wannan ninkin; ana ba su wata rana a madadi. Idan ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi da ba ka aiki, hutun yana komawa ranar aiki ta kusa.

A ganina rarrabuwar nan ta rage wa ranar ƙarfi. Ontario ce lardin da ya fi yawan 'yan asalin ƙasar, amma jikan wanda ya yi waɗannan makarantu, idan a kanti yake aiki, sai ya roƙi izini kafin ya halarci taron tunawa, alhali ma'aikacin banki na titi ɗaya yana gida.